MOTA MAI ƊAKI TA GWANJO: A DUBA KAFIN A SAIDA SHANU

A ƙasar Gamu, cikin yankin Gure, mutane da yawa suna cin kasuwa fiye da ɗaya cikin mako. Mai wake da gero, mai tumaki, mai ƴan kayan tireda, yau suna Birnin Kazawe, gobe Gidigir, wata rana Subdu ko Gure. Tafiya da nisa. Dare yakan riski mutum a tasha ko a gindin rumfa, kayansa a waje, barcinsa rabi da rabi saboda tsoron ɓarawo. Shi ya sa in kaka ta yi kyau, wasu sukan fara tunanin motar da za ta ɗauki kaya, kuma a kwana cikinta. Sabuwa ta fi ƙarfin talaka. Sai ta gwanjo, wadda ake ce ma okaziyo.

Inda suke fitowa

Turawa suna da wata irin mota da suke ƙerawa don yawon hutu. Cikinta akwai gado, da murhun gas, da tankin ruwa, wata ma har da makewayi. Dattawan Damagaram sun san ta. A shekarun 1970 da 1980, samarin Faransa da Jamus da Holan sukan sayi tsohuwar mota da araha a ƙasarsu, su ƙetare teku da ita, su ratsa Aljeriya. Daga Tamanrasat zuwa Arlit wajen kilomita 600 ne, kuma a lokacin babu kwalta. Sukan biyo ta Asamaka, su sauko Agadas, daga nan wasu su yi Tawa, wasu Damagaram. In sun iso sai su saida motar, su koma gida a jirgin sama da kuɗin. Mafi yawa Peugeot 404 ce da 504, sai Mercedes, sai ƙaramar bas ta Volkswagen da ake kira kwambi, wadda suke kwana cikinta. Waɗanda suka mutu a hanya, can aka bar su cikin rairayi.

Wannan ciniki ya tsaya wajen 1991 da 1992, da tawaye ya tashi a arewacin Nijar, rikici kuma ya ɓarke a Aljeriya. Daga nan sai motocin gwanjo suka koma zuwa ta jirgin ruwa, ana sauke su Kwatano da Lome. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ke zuwa daga Turai ya yi tsada. A 2023 aka rufe iyakar Nijar da Benin, kaya suka koma zagayowa ta Togo da Burkina Faso, kuɗin hanya ya ƙaru. Wani rahoto na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce daga 2015 zuwa 2018, ƙasashen Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka aka kawo su. Da yawa cikinsu can gida an riga an gaji da su.

Wace iri ta dace da ƙasar rairayi?

Babbar mota mai ɗaki tana da kyan gani, amma don kwalta aka yi ta. Tana da nauyi, cikinta kusa da ƙasa, bayanta ya yi tsawo. Hanyar Gure zuwa Damagaram za ta bi ta lafiya. Da ta sauka kwalta ta nufi ƙauye, tudun rairayi na farko zai riƙe ta. Gado da kabad da tanki sun cinye wurin buhu. Kuma in wani abu ya lalace, sai an aika nesa a nemo.

Abin da ya fi ma mai ƙaramin ƙarfi shi ne motar da makanikai na kusa suka sani, wadda kayan gyaranta ke kasuwa. Toyota Hiace, wadda ake ce ma hayis, in an cire kujerun baya an shimfiɗa katako da tabarma, ta zama ɗaki, sai dai ita ma ba ta son rairayi mai zurfi. A-kori-kura irin Hilux mai jan ƙafa huɗu, in an ɗaura mata tanti, ta fi shiga daji. Peugeot 504 an fara yin ta a 1968, an kuma daɗe ana haɗa ta a Kaduna, inda aka buɗe masana'anta a 1975, don haka makanikai sun san cikinta sarai. Amma duk wadda ta rage yanzu ta tsufa ƙwarai. Motocin baya-bayan nan kuwa suna da kwamfuta cikin inji. In ta ƙi tashi, guduma da sufana ba su yi mata magani, sai an kai ta inda ake da na'urar dubawa.

Yadda ake dubawa

Makiyayi ba ya sayen raƙumi da dare. Sai ya buɗe bakinsa ya ga haƙora, ya taɓa ƙafafu, ya sa a tashe shi ya ga tafiya. Mota ma haka take. Mai saye ya tafi da makanikin da shi ya zaɓa, shi ya biya. Dillali la'adarsa yake nema, kuma ba ya samun ta sai an yi ciniki.

A je da sassafe, a ɗora hannu bisa inji. In da ɗumi, an riga an tashe ta kafin a zo, sai a tambayi dalili. Mota mai ciwo da sanyin safiya take nuna halinta. In ta tashi, a koma baya a dubi hayaƙi. Shuɗi yana nufin inji na cin baƙin mai. Fari mai kauri wanda bai ɗaukewa yana nufin ruwa na shiga inji. A buɗe murfin baƙin mai: in an ga abu kamar kindirmo ya manne, ruwa da mai sun gauraya, gyara ne mai tsada.

Sannan a kwanta ƙasa a dubi ƙarƙashinta. A ƙasashen sanyi ana zuba gishiri bisa hanya don narkar da ƙanƙara, gishirin nan kuwa yana cin ƙarfe. A ƙwanƙwasa shasi da ƙusa. In yana zubar da ɓawo, ko an ga sabon walda da sabon fenti a wuri ɗaya, a yi hattara. Inji ana canza shi, amma shasin da ya ruɓe ba ya ɗaukar buhu. A mota mai ɗaki a danna bango da rufi da yatsa. Inda ya lotsa, ruwan sama ya daɗe yana shiga.

Taya ma tana faɗin shekarunta. A gefenta akwai lambobi huɗu a jere. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In an ga 2315, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2015. Tsohuwar taya ko da zanenta bai cinye ba, zafin bazara yana fasa ta. Lambar kilomita da ke gaban direba kuwa, kada a dogara da ita, ana maida ta baya. A ƙarshe a ɗora mata kaya, a hau tudu da ita, a shiga rairayi, a ga ko ruwanta zai tafasa.

Takardu

Kowace mota tana da lambar shasi da aka buga jikin ƙarfenta. Wannan lamba dole ta zo daidai da wadda ke cikin katin mota, wato kartigiris, harafi da harafi. Wanda ya koyi karatu ya karanta da kansa, a hankali, sau biyu. A nemi takardar duwan. Motar da ba a biya mata duwan ba tana da araha, amma ranar da aka tare ta a hanya, mai ita ne zai biya, har da tara, ko a riƙe motar. A rubuta takardar ciniki da sunan mai saidawa da na mai saye, da kuɗin, da shaidu, a kai hukuma ta buga hatimi. Bayan haka akwai asirans, da binyet, da bizit, da farmin direba. Jandarmomi duk za su tambaya.

Lissafi

Nan ne mutane suka fi faɗuwa. Mutum ya saida shanu, ya zuba kuɗin duka wajen saye, mota ta iso ƙofar gida aka yi guɗa. Bayan wata biyu batir ya mutu, babu na sayen wani. Sai ta zauna bisa duwatsu, kaji na ƙwai cikinta. Gara a kasa kuɗin uku: kashi biyu na saye, kashi ɗaya a ajiye don takardu da taya da gyaran farko.

A lissafa mai kuma. Daga Gure zuwa Damagaram wajen kilomita 160 ne, zuwa da komowa 320. Motar da ke shan lita 12 a kilomita 100 za ta sha kusan lita 40, kuma cikin rairayi ta fi haka. In ribar kasuwa ba ta biya wannan da abincin direba da na karen mota ba, amalanke da kuɗin mota na haya sun fi sauƙi. Saniya tana haihuwa, mota kuwa kullum raguwa take. Shanun noma da shanun tatsa dai kada a taɓa su.

In mutum uku ko huɗu suka haɗa kuɗi, a rubuta tun ranar farko abin da kowa ya zuba, da wanda zai riƙe makulli, da yadda za a raba gyara, a gaban mai gari.

Wanda ya samu motar, akwai abu ɗaya da ya shafi rai. Lokacin ɗari kada a shiga da gawayi ko a kunna murhun gas cikin mota a rufe tagogi, kada kuma a kwana inji na aiki. Iskar da ke fitowa ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci. A yi dahuwa a waje, a kashe wuta, a bar taga ɗaya a buɗe kaɗan kafin a kwanta.