Me Ya Sa Kifin Teku Ke Fitowa da Tumbinsa a Baki?

Wata Asabar da sassafe, wani matashi ɗan asalin Yawuri mai aiki a jirgin ruwan dakon kaya ya bi abokansa cikin kwalekwalen inji daga Legas zuwa cikin teku. Ya yi shekaru yana ratsa Tekun Atilantika, amma bai taɓa jefa ƙugiya a ruwan gishiri ba, duk fatsar da ya sani ta Kogin Kwara ce tun yana yaro. Da suka yi nisa da gaɓa, ya sa koto ya ɗaura darma, ya saki igiya har ta taɓa ƙasa a zurfin kamar mita 30. Jim kaɗan ya jawo wani jan kifi na dangin da masana ke kira Lutjanus. Sai dai murnarsa ta koma mamaki: idanun kifin sun firfito, cikinsa ya kumbura tim, ga wata tsoka ta leƙo daga bakinsa. Ganin ƙarami ne, sai ya mayar da shi ruwa, amma kifin ya kasa nutsewa, ya yi ta yawo a sama ciki a birkice har tsuntsu ya sure shi.

Ruwa ba ya tsami banza. Yawancin kifaye masu ƙashi suna da wata jakar iska a ƙarƙashin ƙashin baya, wadda ke ba su damar tsayawa a zurfin da suke so ba tare da wahalar iyo ba. Shi kuwa ruwa nauyi gare shi. A saman teku, nauyin iskar sararin sama kaɗai ke danne halitta, amma duk mita 10 da aka nutsa, sai a ƙara kwatankwacin wannan nauyi guda. Ke nan a mita 30 matsin ya ninka na sama sau 4.

A shekarar 1662 Robert Boyle ya bayyana cewa idan matsi ya ragu, iska na buɗewa daidai gwargwadon raguwar. Saboda haka iskar da ke jakar kifin nan ta nemi ninka girmanta sau 4 cikin mintin da aka ɗauka ana jawo shi. Jakar kan kumbura, wani lokaci ta fashe, iskar ta cika ciki ta turo tumbi waje ta baki. Wato tsokar da matashin ya gani tumbin kifin ne, ba jakar ba.

Ba kowane kifi ke shiga wannan hali ba. Wasu, kamar sadin, suna da siririn bututu daga jakar zuwa maƙogwaro, don haka sukan yi gyatsar iskar. Kifin shak ba shi da jakar sam, hantarsa mai yawan mai ce ke taimaka masa. Amma Lutjanus jakarsa a rufe take, sai ta hanyar jini yake rage iskar, aikin da kan ci sa'o'i. Karfasa da giwan ruwa ma haka suke, illa dai masuntan kogi galibi a ruwa marar zurfi suke kama su, shi ya sa ɗan Yawuri bai taɓa ganin abin ba.

Lamarin ya wuce abin al'ajabi kawai. Ana sakin ƙananan kifaye ne domin su girma su hayayyafa, to idan duk wanda aka saki mutuwa zai yi, an yi asara biyu. Huda tumbin da ya leƙo kuskure ne babba, domin rauni ne ake ƙara wa kifin. Magani mafi sauƙi shi ne a mayar da shi zurfi da hanzari, ko dai da ƙugiya marar ƙaya mai ɗauke da darma, ko cikin kwandon da aka kife aka ɗaura masa nauyi. Da zarar ya isa ƙasa, matsin ruwa zai sake matse iskar, sau da yawa tumbin ya koma mazauninsa. A shekarar 2022 Amurka ta fara aiki da dokar da ta wajabta wa masu kamun irin waɗannan kifaye a Tekun Meziko riƙe irin wannan kayan aiki, ko allurar fitar da iska, a cikin jirgi.

Kafin la'asar matashin ya sake kamo wani ƙarami. Wannan karon mai kwalekwalen ya nuna masa yadda ake danne ƙayar ƙugiya a ƙara darma. Suka zura kifin ƙasa, ya fizgi igiyar sau ɗaya, ta dawo babu komai.