Daidai Yaro, Daidai Doki: Yadda Ake Zaɓar wa Ƙaramin Mahayi Abin Hawa

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kallon hawan Sallah a Kazaure ya san ba manya kaɗai ke hawa ba. A cikin tawagar hakiman da ke zuwa daga Roni da Gwiwa da Yankwashi akan ga yara 'yan shekara takwas zuwa goma sha biyu sun sha ado, zagage na riƙe musu da linzami. Haka kuma a wuraren sukuwa da kilisa, daga Babura har garuruwan Nijar, yara ake yawan ɗorawa saboda rashin nauyinsu. Sai dai sau da yawa akan ga ƙaramin yaro bisa ingarman da ƙafafunsa ba su ko kai ga likkafa ba, ko kuma a ga ƙaton saurayi ya danne ɗan duƙushin da bai gama yin ƙashi ba. Na farko rayuwar yaro ce ke cikin haɗari, na biyu kuwa lafiyar dabba. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda kimiyyar halittu ke taimakawa a daidaita su.

Yadda Ake Auna Tsawon Doki

Ba daga kai ake auna doki ba, domin kai yana ɗagawa yana sunkuyawa. Akan tsayar da shi a shimfiɗaɗɗen wuri, a auna daga ƙasa zuwa tudun nan da ke tsakanin kafaɗunsa, inda wuya ya haɗu da baya. Turawan Ingila kan yi lissafin da faɗin tafin hannu, kowane tafi inci 4, wato santimita 10 da 'yan kai. A ƙa'idar hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, dokin da ya gama girma amma bai wuce santimita 148 ba shi ne ƙuru.

Ya kamata ɗalibi ya bambance ƙuru da duƙushi. Ƙuru babba ne a shekaru, gajere a halitta, kamar ƙananan dawakin tsaunukan Jos, ko na tsibiran Shetland a Birtaniya waɗanda ba su wuce santimita 107. Duƙushi kuwa ɗan doki ne da ke kan girma. A ƙarshen ƙasusuwansa akwai guringuntsi inda tsawo ke ƙaruwa, kuma wannan guringuntsi yana rikiɗa ya zama ƙashi ne daga ƙafafu zuwa sama. Ƙasusuwan gadon baya su ne na ƙarshe, sai doki ya kai wajen shekara biyar zuwa shida suke gama ƙwari. Saboda haka kuskure ne a ce tun da yaro ƙarami ne a ba shi duƙushi. Ga baya bai nuna ba, ga shi bai gama horuwa ba, ga mahayin ma sabon hannu.

Nauyin da Doki ke Iya Ɗauka

Bayan doki kamar gada yake, ƙafafun gaba da na baya su ne ginshiƙanta. Yana da haƙarƙari 18 a kowane gefe, kuma a kan sashen da haƙarƙarin ke tallafe da shi ya kamata sirdi ya zauna. Daga haƙarƙarin ƙarshe zuwa ƙugu babu abin da ke tokare ƙashin baya sai tsoka, don haka sirdin da ya zarce zuwa can, ko goyon wani yaro a bayan sirdi, yana cutar da dabbar.

A shekarar 2008 wasu masana a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka sun buga sakamakon gwajin da suka yi da dawaki takwas. Sun aza musu kaya na kashi 15 da 20 da 25 da 30 cikin 100 na nauyin jikinsu, suka sa su tafiya da gudu. Da kayan suka kai kashi 25 zuwa 30, sai bugun zuciya da numfashi suka ƙaru, tsokoki kuma suka yi tsami bayan aikin. Wannan ya ƙarfafa ƙa'idar da aka daɗe ana bi, cewa mahayi da sirdi da sauran kaya gaba ɗaya kada su wuce kashi 20 cikin 100, wato ɗaya bisa biyar na nauyin dokin. Wannan iyaka ce ta ƙarshe ga lafiyayyen doki. Idan ramamme ne ko tsoho, ko ana zafin bazara, ko hanyar mai duwatsu ce irin ta ƙasar Roni, sai a rage.

Akwai kuma abin lura game da ƙaramar dabba. Tun a 1638 Galileo na ƙasar Italiya ya nuna cewa idan aka ninka tsawo da faɗi da kaurin jiki sau biyu, nauyi zai ninku sau takwas, amma faɗin bakin ƙashin da ke ɗauke da nauyin sau huɗu kawai zai ninku. Wannan ne ya sa ƙuru mai kaurin ƙafa da faɗin ƙugu yake da ƙarfi sosai idan aka kwatanta da girmansa.

Auna Nauyi Ba Tare da Sikeli Ba

Ba kowace barga ke da sikelin da doki zai hau ba, amma tef ɗin tela ya wadatar. A 1988 masana biyu a Ostareliya, Carroll da Huntington, suka fitar da wata hanyar lissafi. A auna kewayen ƙirji daidai inda majayi ke bi, sannan a auna tsawon jiki daga gaban kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu, duka da santimita. A ninka kewayen da kansa, a ninka da tsawon, a raba da 11,877. Amsar ita ce kimanin nauyin dokin da kilo.

Ga misali, a ɗauka wani uba a Karkarna zai sayo wa ɗansa doki a kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Kewayen ƙirjin dokin 150 ne, tsawonsa 140. Sau 150 na 150 ya ba da 22,500. A ninka da 140 a sami 3,150,000. A raba da 11,877 a sami kimanin kilo 265. Ɗaya bisa biyar na wannan shi ne kilo 53. Idan aka aza sirdi da jalala da likkafa da kayan ado a sikeli suka ba da kilo 15, saura kilo 38 ke nan ga mahayi. Yaro mai kilo 30 ya dace. Amma idan wansa mai kilo 60 ya hau, jimla ta zama 75, wato kashi 28 cikin 100, dokin ya shiga wahala. Alamominta su ne lanƙwasa baya lokacin hawa, da tuntuɓe, da ɗingishi, da miki a ƙarƙashin sirdi.

Tsawon Yaro

Mahayi da ƙafafunsa yake riƙe kansa, da su kuma yake ba doki umarni. Idan yaro ya zauna ya saki ƙafafu, ya kamata diddigensa ya sauko kusa da ƙasan cikin dokin, kuma gindin likkafa ya yi daidai da idon sawunsa. In ƙafar ta tsaya can sama, ko faɗin dokin ya tale shi, ba shi da madafa sai linzami. Linzamin gargajiya kuwa yana da zafi a baki, fizga ɗaya ta tsoro na iya sa doki ya yi tsaye da ƙafafun baya. Likkafar manya ma tarko ce ga yaro, domin ƙafarsa na iya zurmawa ciki, in ya faɗo dokin ya ja shi a ƙasa. Sannan gwargwadon tsawon doki, gwargwadon ƙarfin faɗuwa, kan yaro kuwa ya fi na babba girma idan aka kwatanta da jikinsa, shi ya sa yakan riga isa ƙasa. Hula da rawani ba su tare wannan buguwa, sai hular kwano.

Kammalawa

Masu iya magana sun ce linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Kafin a ɗora yaro, a duba shekarun dokin da halinsa, a auna nauyinsa, a auna yaron tare da kayan hawa, a daidaita likkafa. Tun da yaro girma yake yi, a sake awon kowace shekara kafin Sallah. Malaman kimiyya a makarantun sakandare na iya kai ɗalibansu barga mafi kusa, da izinin mai ita, su ɗauki tef su gwada wannan lissafi a kan dawaki uku ko huɗu, su kawo sakamakon aji a tattauna.