Ruwa Ma Haja Ce: Yadda Muke Tattalinsa a Gidan Haya

Duk ɗan kasuwar da ya baro gida ya zo neman halak ɗinsa ya san lissafin haja: nawa ya saro, nawa ya sayar, nawa ya rage. Amma kaɗan ne a cikinmu ke yi wa ruwa irin wannan lissafi, alhali kuwa a nan Akra saye ake yi. Yawancin ruwan famfon birnin daga matatun Weija da Kpong yake fitowa, kuma bai wadaci jama'a ba, shi ya sa ake rabon kwana tsakanin unguwanni. Ranar da famfo ya ɗauke, sai ka ga jarkoki masu ruwan ɗorawa, waɗanda mutanen Gana ke kira galan ɗin Kufuor, sun yi layi wajen masu sayarwa. Kuɗin daga ribar kasuwa yake fita, wahalar ɗauka kuma kan mata da yara take faɗawa, wani lokaci har yaro ya makara makaranta.

Ni zannuwa nake sayarwa, kuma ina zaune da iyalina a gidan haya na tsakar gida ɗaya a Nima. Abin da zaman ya koya mini shi ne, ruwan da ake ƙirgawa ya fi auki.

Ma'auninmu jarka ce mai lita 25. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum ɗaya yana buƙatar lita 50 zuwa 100 a rana don sha da girki da wanka da wanki. Ke nan gida mai mutum shida, ko da ƙaramin adadin aka ɗauka, jarka 12 ne kullum. In uwargida ta san wannan, za ta gane ranar da aka wuce kima, ta kuma nemi dalili.

Dalilin sau da yawa yoyo ne. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya kowace daƙiƙa yana zubar da kusan lita 20 a kwana ɗaya, wato jarka guda saura kaɗan. Gyaransa kuwa bai wuce canza 'yar robar cikin kan famfon ba. In gidanku akwai mita, ku rufe duk famfuna da dare ku rubuta lambar, da asuba ku sake dubawa. In ta motsa, to akwai bututun da ke yoyo a ɓoye.

Sai amfani da ruwa sau biyu. Ruwan wankin shinkafa da ganye, shuka muke ba wa. Ruwan ɗaurayar kaya na ƙarshe shi ke jiƙa wankin da ke biye. Mai kumfa kuma bayi yake tafiya, ko a wanke tsakar gida da shi. Sai dai a kula: ruwan da aka yi amfani da shi kada ya kwana, domin yana wari yana tara ƙwayoyin cuta, kuma kada a zuba shi kan latas ko wani ganyen da ake ci ɗanye. Wajen alwala ma, buta ta fi buɗe famfo. Malamanmu suna tuna mana cewa Manzon Allah (SAW) da mudu guda yake alwala, abin da bai kai cikin ƙaramar buta ba.

Damina kuwa ita ce lokacin saro haja kyauta. Akra na samun ruwan sama kashi biyu, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarami daga Satumba zuwa Nuwamba. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya na kwano lita ɗaya ce. Rufin da ya kai murabba'in mita 30, in aka yi ruwa milimita 20, lita 600 ke sauka a kansa, jarka 24 ke nan kafin a cire abin da ya fantsame. Indararo da ganga kawai ake buƙata. A bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye, sannan a tara. A rufe ganga ruf saboda sauro da ƙananan yara. In za a sha, a tafasa. Wanda ya ga annobar kwalara ta 2014 a birnin nan ba ya wasa da ruwan sha, kuma tattali bai shafi wanke hannu da sabulu ba.

Ga masu 'yar shuka a tsakar gida, ban ruwa da sassafe ko da yamma ake yi, a gindi, ba a kan ganye ba. A rufe gindin da busasshiyar ciyawa don laima ta daɗe. Akwai kuma tsohuwar dabara: a binne ƙaramin tulu na ƙasa kusa da shuka, a cika shi a rufe bakinsa, ruwan zai riƙa tsattsafowa zuwa saiwa a hankali. Zogale da rama suna jure ƙishi, ga su kuma abin miya.

Abin da ya fi duk waɗannan wuya shi ne maƙwabta. A gidan haya, rigimar kuɗin ruwa tana raba mutanen da suka fito gari ɗaya. A gidanmu an zauna an yarda a raba kuɗin bisa yawan kawuna, an sa ranakun wanki, mai sana'ar abinci kuma tana ƙara wani abu a kan nata. Wata dattijuwa a gidan, da muke kira Inna, ita ke riƙe da makullin tanki, ba kuwa mai yi mata musu.

'Yan uwa na Kumasi, Lome, Kwatano da Njamena, yanayinku ya sha bamban da namu, amma jarka ɗaya ce ko'ina. Ku ƙirga na mako guda ku rubuta a littafin da kuke rubuta ciniki, sannan ku kira zaman gida.