Cinikin Mota A Badun: Abubuwan Da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Sani Kafin Ya Taya

Ga fatake da dillalan hatsi da ke hada-hada a Kasuwar Bodija ta birnin Badun, wadda aka buɗe a shekarar 1987, mota jari ce. Wanda ya sayi a-kori-kura ko bas domin jigilar wake da masara da albasa, to ribar watanni ce ya zuba a ciki, kuma kuskure ɗaya wajen ciniki ya isa ya karya shi.

Hausawan unguwar Sabo, wadda aka kafa tun 1916, ba baƙin ciniki ba ne. Tsarin maigida da dillali da la'ada, wanda masanin nan Abner Cohen ya bayyana a littafinsa na 1969 game da fataucin shanu da goro a Sabo, shi ne dai ke aiki a filin sayar da motoci. Bambancin kawai shi ne, aibin sa yana bayyana ga mai ido, na mota kuwa yana ɓoye a cikin inji da takardu.

Tun bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, wanda ya karya darajar naira, sababbin motocin da a ke harhaɗawa a gida, irin su Peugeot ta Kaduna, suka fi ƙarfin yawancin jama'a. Daga nan kasuwa ta koma ga motocin da aka yi amfani da su a Turai da Amurka, waɗanda Yarbawa ke kira tokumbo, Hausawa kuma su ce 'yan Kwatano ko Beljiyam.

Saboda haka dala ce ke yanke farashi. A watan Mayu na 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a hukumance, amma zuwa watan Fabrairu na 2024 ta haura naira 1,500. Harajin kwastan ma da canjin dala a ke lissafa shi. Ke nan mai saye da ya bi ta wurin 'yan canjin Sabo ya ji farashin ranar, ya kuma tambayi dila lokacin da motar ta sauka, ya sami abin riƙewa, domin motar da aka fanso lokacin da dala ke ƙasa tana da sararin ragi.

Mataki na biyu shi ne zagaye. Mai hikima yakan duba irin motar a wurin diloli uku ko huɗu, ya kuma ji farashinta a kasuwar Berger ta Ikko, kafin ya buɗe baki. Rashin tayi a ke barin arha, amma tayin da babu sani a bayansa "albarka" kawai ya ke jawowa.

Na uku, bakanike ya zama na mai saye, ba na dila ba. Shi zai duba inji da giya, ya gano ko an sake fenti domin ɓoye haɗari, ko motar ta taɓa nutsewa a ruwa, ko an mayar da lissafin tafiyarta baya. Kowane aibi a yi masa kuɗi, a cire daga farashi. Dila ya fi saurin sauka idan an nuna masa lissafin gyara fiye da idan an roƙe shi.

Takardu kuwa su ne ƙashin bayan cinikin. Daga ranar 1 ga watan Janairu na 2017 Gwamnatin Tarayya ta haramta shigo da motoci ta kan iyakokin tudu, a 2022 kuma Hukumar Kwastan ta fara kimanta haraji da lambar shasi. Motar da harajinta bai cika ba tana iya faɗawa hannun jami'ai a kan hanyar Badun zuwa Ilori, tare da kayan da ta ɗauko. Don haka wajibi ne a gwada lambar shasi da ta takardun kwastan, a kuma tabbatar da su a ofishin hukumar kafin a ba da ko kafin alƙalami. Arhar da ta wuce kima alama ce ta matsala.

Har ila yau, a san adadin dillalan da ke tsakani da wanda zai biya la'adarsu tun farko, domin kowane hannu yana ɗora nasa. Kada mai saye ya faɗi iyakar abin da ke aljihunsa, kada kuma ya nuna zumuɗi. Wanda ya iya juya baya ya tafi, shi a ke kira a sallama wa.

Idan an daidaita, a biya ta banki, a rubuta yarjejeniya mai ɗauke da lambar shasi da ta inji a gaban shaidu biyu, sa'an nan a gaggauta canjin sunan mallaka. Amanar da ta riƙe cinikin shanu a Sabo fiye da shekara ɗari tana nan da darajarta, amma a cinikin mota takarda ce shaidar da jami'in kan hanya ya ke karɓa.