Ko Kun Sani?

A gonakin tuffa na Kanada da arewacin Amurka akwai wani maƙwaƙƙwafi da ake kira Sapsucker, wanda abincinsa ruwan jikin itace ne. Lokacin zafi yakan huda ɓawon bishiya da ƙananan ramuka a jere reras, kamar ɗinkin hula. Can sai ya dawo ya lashe ruwan zaƙin da ke tsatsowa, ya haɗa da ƙwarin da suka maƙale a ciki. Idan ramukan suka zagaye gangar bishiya, abinci yakan daina sauka zuwa saiwa, har ta bushe. Dokar kare tsuntsaye ta 1918 ta hana kashe shi a Amurka, shi ya sa manoma ke naɗe bishiyoyinsu da tsumman buhu.