Tsofaffin Zanen Tallar Bidiyo Sun Zama Haja A Akra

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Duk wanda ya tashi a Nima ko Maamobi a shekarun 1980 zuwa 1990 zai tuna da gidajen kallon bidiyo, inda ake rataya ƙaton zane a bakin ƙofa domin tallar fim ɗin da za a nuna da dare. Buhunan fulawa ake farkewa a ɗinke, mai zane ya bi su da fenti, ko fim ɗin Indiya ne, ko na Amurka, ko na 'yan kareti. Masu yawo da talabijin da janareto su naɗe zanen su shiga ƙauyuka da shi.

Da fastocin injin buga takardu suka yawaita, sai aka watsar da waɗannan zane-zane, wasu aka yi shimfiɗa da su, wasu suka tafi bola. To amma tun da wani dillali Ba'amurke, Ernie Wolfe, ya tattara su a littafinsa mai suna Extreme Canvas, masu tara kayan tarihi suka shiga nemansu. A yau aikin gwanaye irin su Joe Mensah yana kai ɗaruruwan daloli, wani ma ya haura dubu.

Haka ta taɓa faruwa a Amurka. Edward Hicks, wanda ya rasu a 1849, sana'arsa fentin keken doki ce da rubuta allunan shaguna. A gefe yana zanen daji da dabbobi, akasari ya ba 'yan uwa da abokai. A shekarar 2008 aka yi gwanjon ɗaya daga ciki a birnin New York a kan dala miliyan tara da dubu ɗari shida da 'yan kai.

Ɗan kasuwar da irin wannan zane ya faɗo hannunsa ya duba sa hannun mai zanen, da shekarar da aka yi shi, da sunan gidan bidiyon, da alamar naɗi da hujin ƙusa. Kada ya wanke, kada ya sa a ƙara masa fenti, domin gyara yana karya farashi. Har yanzu ana zana sababbi, kuma sayar da su halal ne, amma shafa wa sabo ƙura a ce tsoho ne algus ne, kuma ranar da asiri ya tonu an rasa mai saye ke nan.

Sannan dokar Gana ta 1969 ta hana fitar da kayan tarihi sai da takardar izinin Hukumar Gidajen Tarihi. Kafin a doshi Aflawo ko Paga da tsohon kaya, a fara kai shi hukumar a Akra ta duba, kada kwastam su riƙe shi a rasa uwa da riba.