Roddy Doyle da bakin talakawan Dublin

An haifi Roddy Doyle a Dublin, babban birnin Ireland, a 1958. Ya yi shekaru yana koyar da Turanci da labarin ƙasa a wata sakandare da ke Kilbarrack, unguwar masu ƙaramin ƙarfi a arewacin birnin. Irin wannan unguwa ce ya mayar Barrytown a littattafansa.

Na farkonsu, The Commitments, ya fito a 1987, kuma shi ya ɗauki nauyin bugawa. Labarin wasu matasa ne da suka kafa ƙungiyar kiɗa suna rera waƙoƙin soul na baƙaƙen fatar Amurka. Jagoransu, Jimmy Rabbitte, na ganin kiɗan da ya fito daga bakin masu neman na abinci ya fi dacewa da 'yan unguwarsu. Darakta Alan Parker ya mayar da littafin fim a 1991.

Abin da ya bambanta Doyle shi ne kunnensa. Kusan duk littafin hira ce: gajerun kalamai, zolaya, katse juna, da ashar ba adadi. Ba ya tsayawa kwatanta fuska ko ɗaki; daga furucin mutum za ka gane ko wane ne. Wasu sun ce wannan batsa ce kawai aka yi wa bango. A ganina sun yi gaggawa, domin da ya goge ashar ɗin, da waɗanda suke magana sun zama wasu mutane dabam.

A 1993 ya ci kyautar adabi ta Booker da Paddy Clarke Ha Ha Ha, inda yaro ɗan shekara 10 ke kallon auren iyayensa yana rushewa. A shekarar ce ya ajiye alli.